Hatsarin jirgin Nigeria Airways mai lamba 2120

Jirgin Nigeria Airways mai lamba 2120 jirgin shata ne na jigilar alhazai, wanda ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda a ƙasar Saudiyya da nufin zuwa Sakkwato a Najeriya, ranar Alhamis 11 ga watan Yuli, 1991. Wuta ta kama ƙafarsa ta hagu tun yana gudu a kan titin tashi, kuma ya faɗi bayan kimanin minti goma yana ƙoƙarin komawa filin da ya baro. Dukkan mutane 261 da ke cikinsa sun rasu, wato fasinjoji 247 da ma'aikata 14.

Jirgin ƙirar McDonnell Douglas DC-8-61 ne, mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada. Shi ne hatsari mafi muni da ya taɓa rutsawa da jirgi samfurin DC-8, kuma mafi muni a tarihin kamfanonin jiragen sama na Kanada. Bincike ya gano cewa asalin gobarar tayoyi biyu ne da suka fashe, cewa an sallami jirgin alhali an san iskar wasu tayoyinsa ba ta cika ba, kuma an sauya alƙaluman da ke cikin takardun gyara domin a nuna jirgin lafiyarsa lau. Saboda haka ake yawan kawo wannan hatsari a matsayin misali na yadda gaggawa da matsin lamba daga masu gudanarwa ke iya rinjayar ƙa'idojin kiyaye lafiyar jirgi.

Jirgin da kamfanonin da abin ya shafa

An ƙera jirgin a shekarar 1968, yana da injuna huɗu ƙirar Pratt & Whitney JT3D, kuma lambar rajistarsa ta Kanada ita ce C-GMXQ. Samfurin DC-8-61 dogo ne fiye da DC-8 na farko, an tsawaita shi ne domin ya ɗauki fasinjoji masu yawa, abin da ya sa kamfanonin shata suka riƙa sayensa bayan manyan kamfanoni sun daina amfani da shi.

Nationair kamfanin shata ne da ke da mazauni a yankin Montreal. A lokacin aikin Hajjin shekarar 1991, wadda ta yi daidai da 1411 bayan Hijira, ya ba da hayar jirgin tare da matuƙansa, ma'aikatan cikinsa da makanikansa ga Nigeria Airways, shi kuma ya sake ba da shi haya ga wani kamfani mai suna Holdtrade Services domin kai alhazai da dawo da su. Irin wannan haya sananniya ce a jigilar alhazai, domin ana buƙatar jirage masu yawa a cikin 'yan makonni kaɗan, fiye da abin da kamfanin ƙasa ɗaya zai iya samarwa. A ƙarƙashin wannan tsari, lambar tafiya da sunan kira na rediyo na Nigeria Airways ne, amma tuƙi da gyara da kula da lafiyar jirgin duk suna hannun Nationair.

Hatsarin ya auku ne a ƙarshen watan Zulhajji, lokacin da ake tsakiyar kwaso alhazai zuwa gida.

Ma'aikatan jirgin

Kyaftin ɗin jirgin shi ne William Allan, mai shekara 47, tsohon matuƙi a rundunar sojan sama ta Kanada. Mataimakinsa Kent Davidge ne, mai shekara 36, kuma shi ke riƙe da tuƙi a lokacin tashi. Injiniyan jirgin shi ne Victor Fehr, mai shekara 46. Jirage irin DC-8 suna buƙatar mutum uku a ɗakin tuƙi: matuƙa biyu, da injiniya mai lura da mai, lantarki, injuna da matsin iskar cikin jirgi. Ban da masu hidimar fasinjoji, babban makaniki da manajan da Nationair ya ɗora a kan aikin jigilar su ma suna cikin jirgin, kuma sun rasu tare da sauran.

Yadda hatsarin ya faru

Da safiyar ranar, jirgin ya yi tafiyar kimanin kilomita biyar a ƙasa, cike da fasinjoji da kaya da mai, daga inda aka yi lodi zuwa bakin titi mai lamba 34L. Da misalin ƙarfe 8:28 na safe agogon Jidda ya tashi.

Kimanin daƙiƙa 15 da sakin birki, yayin da gudun jirgin ya kai wajen kilomita 90 a sa'a, aka ji wata ƙara da girgiza a ɗakin tuƙi. Mataimakin matuƙi ya yi tambaya ko taya ce ta yi faci. Kyaftin ya tambaye shi ko yana taka birki ne, shi kuma ya ce a'a. Suka ci gaba da gudu har jirgin ya ɗaga. Mutanen da ke ƙasa sun ga harshen wuta a wajen ƙafar hagu, wutar kuma ta ɓace musu da gani a lokacin da aka naɗe ƙafafun zuwa cikin jikin jirgin. A ɗakin tuƙi babu wata alama da ta nuna akwai gobara, domin babu na'urar gano wuta ko zafi a ramin da ƙafafun ke shiga.

Jim kaɗan bayan tashi, matsin iskar cikin jirgin ya ƙi daidaita. Fitilun gargaɗi iri-iri suka riƙa kunnuwa ba tare da sun yi ma'ana ga ma'aikatan ba, saboda wutar tana cin wayoyin lantarki ɗaya bayan ɗaya. Kyaftin ya yanke shawarar tsayawa a tsayin ƙafa 2,000, wato kimanin mita 610. A nan aka sami ruɗani da jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage: kyaftin ya kira kansa da sunan Nationair maimakon sunan kiran Najeriya da aka san tafiyar da shi, jami'in kuma ya ɗauka yana magana ne da wani jirgin kamfanin Saudia. Ruɗanin ya ɗauki kimanin minti uku.

Daga nan mataimakin matuƙi ya ba da labarin cewa ƙarfin haidirolik, wato man da ke motsa sassan sarrafa jirgi, yana raguwa. Ma'aikatan ɗakin tuƙi ba su san da gobarar ba sai da wani daga cikin masu hidimar fasinjoji ya shigo da gaggawa ya ce hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgin. Ba a daɗe ba mataimakin matuƙi ya ce ya kasa sarrafa sassan fukafukai masu karkata jirgi dama da hagu, sai kyaftin ya karɓi tuƙi. A daidai wannan lokaci na'urar naɗar murya ta daina aiki. Jami'in da ke ƙasa ya gane jirgin da ke cikin matsala, ya shiga ba shi umarnin yadda zai juyo ya sauka.

Yayin da jirgin ke nesa da filin da kimanin kilomita 18, a tsayin ƙafa 2,200, daidai inda ake sa ran an sauke ƙafafu domin sauka, jikinsa ya fara wargajewa, wasu daga cikin mutanen da ke ciki suka faɗo ƙasa. Wannan ya nuna wutar ta riga ta cinye wani ɓangare na daben ɗakin fasinjoji. Duk da haka kyaftin ya ci gaba da riƙe jirgin yana fuskantar titi, har zuwa lokacin da ya ƙwace masa gaba ɗaya ya faɗi, saura mita 2,875 ya isa bakin titin. An iya tantance gawarwakin tara daga cikin ma'aikata 14, amma ba a yi aikin tantance na fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ba.

Bincike

Waɗanda suka gudanar da binciken

Binciken hatsarin jiragen sama na farar hula yana bin ƙa'idojin Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta shekarar 1944, wadda ta kafa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO. Bisa wannan tsari, ƙasar da hatsari ya auku a cikinta ita ke jagorantar bincike, sannan ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, ƙasar kamfanin da ke tafiyar da shi da ƙasar da aka ƙera shi suna da haƙƙin tura wakilai. Manufar irin wannan bincike ita ce gano dalili domin hana sake aukuwa. Ɗora laifi da batun diyya aikin kotu ne da wasu hukumomi.

Don haka hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya ce ta jagoranci binciken. Hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Kanada, TSB, ta shiga saboda jirgin da kamfanin na Kanada ne, takwararta ta Amurka, NTSB, ta shiga saboda a Amurka aka ƙera jirgin.

Shaidun da aka samu a kan titi

Abu na farko da ya ba masu bincike haske ba a wurin da jirgin ya faɗi yake ba, a kan titin da ya tashi yake. Sun tarar da gutsattsarin roba da sawun taya da ƙarzar ƙarfe a gefen da ƙafar hagu ta bi. Kowace babbar ƙafa ta DC-8 tana da tayoyi huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Gutsattsarin sun fito ne daga taya mai lamba 1 da mai lamba 2, waɗanda ke jere a kan sandar ƙarfe ɗaya a ƙafar hagu. Daga yadda alamun suka biyo juna, an gane cewa taya ta 1 ce ta fara fashewa tun farkon gudu, ta 2 ta biyo baya kusan nan take. Bayan haka ƙafar ta 2 ta daina juyawa, ƙarfenta ya riƙa gogar titi har ya yi zafin da ya kunna ragowar robar.

Tarkacen da ya zube a kan hanyar da jirgin ya biyo wajen dawowa ya nuna yadda wutar ta yaɗu daga ramin ƙafafu zuwa sama, cikin ɗakin fasinjoji.

Na'urorin naɗar bayanai

Jiragen fasinja suna ɗauke da na'urori biyu da ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsu ruwan lemo ne domin a gan su da sauƙi cikin tarkace. Ɗaya tana naɗar murya da sauran sauti a ɗakin tuƙi, ɗayar tana naɗar bayanan tafiya kamar gudu da tsayi da alƙibla. Na'urar muryar ta tabbatar da cewa matuƙan sun ji ƙarar fashewar taya, sun kuma yi zargin faci, amma ba su tattauna batun fasa tashi ba. Ta kuma nuna jerin lalacewar na'urorin jirgin, wanda masu bincike suka gwada shi da yadda aka shimfiɗa wayoyi da bututu a ramin ƙafafu, suka fahimci hanyar da wutar ta bi.

Takardun gyara

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa taya ta fashe a gudun da bai kai ya kawo ba. Amsar ta fito daga takardun gyara da kuma bayanan makanikan da ba su shiga jirgin ba. An gano cewa tun ranar 7 ga Yuli, kwana huɗu kafin hatsarin, makanikai suka auna suka ga iskar taya ta 2 da ta 4 ta gaza. Maimakon a cika su, sai aka sauya alƙaluman da aka fara rubutawa domin su dace da abin da ƙa'ida ta nema. An shirya sauya tayoyi a Accra, babban birnin Gana, amma aka dakatar da aikin bayan saƙon faks daga manajan aikin, wanda ya nuna cewa jigilar ta makara kuma dole jirgin ya koma Jidda da wuri.

Da safiyar ranar hatsarin, babban makaniki ya nemi iskar naitirojin domin ya cika tayoyin biyu, amma ba a same ta a kusa ba, kuma nemo ta zai jawo jinkiri. Manajan aikin, wanda ba shi da horon da zai auna haɗarin abin, bai amince da jinkirin ba, aka sallami jirgin. Injiniyan jirgin ne ya sa hannu cewa jirgin ya cancanci tashi, alhali ba shi da hannu a aikin duba shi. Masu bincike ba su sami shaidar cewa an sanar da matuƙan halin da tayoyin ke ciki ba.

Dalilan hatsarin

Ƙarancin iska a taya

Idan tayoyi biyu suna kan sanda ɗaya, nauyi suke rabawa. Idan iskar ɗaya ta ragu, sai ta lotsa ta bar wa 'yar'uwarta mafi yawan nauyin. Wannan ya sa ba a iya gane ƙarancin iska da ido: mai lafiyar tana tallafe da marar lafiyar, duka biyun sai su yi kama da cikakku. Sai an sa geji ake sani. Tayar da ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raunana roba da zaren da ke cikinta. Doguwar tafiyar da jirgin ya yi a ƙasa da cikakken lodi, a yanayin zafi na Jidda, ta ba wannan zafi lokacin taruwa. Shi ya sa taya ta 1, wadda iskarta ke cike, ita ce ta fara fashewa. Da ta fashe, nauyin duka ya koma kan ta 2, wadda dama ba ta da ƙarfin ɗaukarsa.

Ana cika tayoyin manyan jirage da naitirojin ne domin busasshiyar iska ce kuma ba ta taimakon wuta. Iskar da mutane ke shaƙa tana ɗauke da iskar oksijin, wadda idan ta haɗu da tururin da robar da ta yi zafi ke fitarwa tana iya sa taya ta tarwatse.

Ci gaba da tashi

A kowane tashi ana lissafa wani gudu da ake kira V1. Kafin jirgi ya kai shi, matuƙi yana iya fasa tashi ya tsaya a cikin tsawon titin da ya rage. Bayan ya wuce shi, sai dai a tashi. Tayoyin sun fashe tun jirgin bai kusanci V1 ba, ke nan akwai damar tsayawa. Sai dai horon da Nationair ke bai wa matuƙansa a kan fasa tashi bai haɗa da matsalar taya ba, kuma babu abin da ya nuna musu cewa wuta ta kama. A fahimtarsu, faci matsala ce da za a iya tashi da ita a magance ta wajen sauka.

Naɗe ƙafafu

Matakin da ya mayar da matsalar ta zama halaka shi ne naɗe ƙafafun, wanda aiki ne na yau da kullum da zarar jirgi ya fara hawa. Ramin ƙafafu na DC-8 yana tsakiyar jirgin, ƙarƙashin ɗakin fasinjoji, kusa da bututun haidirolik, wayoyin lantarki, igiyoyin ƙarfe masu sarrafa jirgi da tankin mai na tsakiya. Shigar da roba mai ci da wuta cikin wannan wuri ya lalata haidirolik da tsarin matsin iska, ya kuma raunana ginin jirgin. Masu bincike sun ga alamar cewa wutar ta huda tankin tsakiya, man da ya zubo ya ƙara mata ƙarfi. Hukumar TSB ta bayyana daga baya cewa da an bar ƙafafun a waje, da mai yiwuwa an kauce wa hatsarin.

Game da ruɗanin sunan kira tsakanin kyaftin da jami'in ƙasa, binciken ya nuna bai sauya sakamakon ba.

Tsarin gudanarwa

Binciken bai tsaya a kan makanikai da matuƙa ba. Ya nuna cewa mutumin da aikinsa shi ne cika alkawarin lokaci ga masu haya ya sami ikon yanke hukunci a kan abin da ya shafi lafiyar jirgi, alhali wannan hurumin makanikai da kyaftin ne. Ya kuma nuna cewa ma'aikatan da aka tura aiki nesa da hedikwatar kamfanin ba su da cikakkiyar masaniya a kan illar tashi da tayar da iskarta ta gaza, kuma babu sa ido da zai gano an sauya alƙaluma.

Shawarwari

Shawarwarin da suka biyo bayan binciken sun haɗa da sanya na'urorin gano wuta da zafi a ramin ƙafafun jiragen fasinja, da na'urorin da za su nuna wa matuƙa matsin iskar taya da zafin birki a ɗakin tuƙi. Sun kuma haɗa da horar da matuƙa da makanikai a kan haɗarin ƙarancin iska da abin da ya kamata a yi idan taya ta fashe wajen tashi, da ƙarfafa sa ido a kan aikin gyara a wuraren da ke nesa da mazaunin kamfani. Yawancin manyan jiragen da ake ƙerawa a yau suna da irin waɗannan na'urori.

Abin da ya biyo baya

Hatsarin ya ƙara zubar da sunan Nationair, wanda dama ake kuka da shi a kan jinkiri da yawan lalacewar jirage, kuma kamfanonin shirya tafiye-tafiye suka fara janyewa daga hulɗa da shi. A watan Nuwamba na 1991 kamfanin ya rufe wa ma'aikatansa masu hidimar fasinjoji ƙofa saboda rikicin ƙwadago, rikicin da ya ɗauki fiye da shekara guda. A shekarar 1993 kamfanin ya durƙushe saboda bashi. Nigeria Airways kuwa ya ci gaba da aiki har zuwa 2003.

Akwai wurin tunawa da waɗanda suka rasu a harabar filin jirgin sama na Pearson da ke Toronto. Shirin talabijin na Kanada mai suna Mayday, wanda ke bibiyar binciken haɗurran jiragen sama, ya yi kashi guda a kan wannan hatsari.

Haɗurra masu alaƙa

A ranar 4 ga Satumba, 1963, jirgin Swissair mai lamba 306 ya faɗi a ƙasar Suwizalan bayan birkinsa ya yi zafi a ƙasa, wuta ta tashi a ramin ƙafafu bayan an naɗe su. Mutane 80 suka rasu.

A ranar 31 ga Maris, 1986, jirgin Mexicana mai lamba 940, ƙirar Boeing 727, ya faɗi a ƙasar Meziko bayan wata taya da aka cika da iskar yau da kullum maimakon naitirojin ta tarwatse a ramin ƙafafu. Mutane 167 suka rasu.

A ranar 25 ga Yuli, 2000, jirgin Concorde na kamfanin Air France ya faɗi kusa da birnin Paris bayan tayarsa ta taka wani ƙarfe a kan titi ta fashe, tankin mai ya ɓule, wuta ta kama. Mutane 113 suka rasu.

A tarihin jigilar alhazan Najeriya, wani babban hatsari da ya gabaci na Jidda shi ne na ranar 22 ga Janairu, 1973, lokacin da jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shata, ya yi hatsari wajen sauka a Kano ɗauke da alhazai daga Jidda. Mutane 176 daga cikin 202 da ke ciki suka rasu.

Duba kuma

Nigeria Airways
Filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz
Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III
Hatsarin jirgin sama na Kano na 1973
Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya